BABBAN GWANI MUHAMMADU DURUGU, MAGININ MASALLACIN ZARIYA

A cikin damina muka fita rangadin makarantu a yammacin ƙasar Katsina, muka bi ta Batsari, muka gangara Safana. Ran nan muna zaune a bayan aji a wata makaranta, malami yana ba yara shifta, sai hadari ya taso daga gabas. Da ruwa ya sauka bisa kwano, sai dai mu ga bakin malam yana motsi, amma ko kalma ɗaya ba ta iso inda mu ke ba. Ya ɗaga murya har jijiyoyin wuyansa suka fito, daga bisani ya haƙura, ya rufe littafi, aka zauna ana kallon juna har ruwa ya ɗauke. Muka karɓi littattafan yara muka duba abin da suka rubuta tun kafin hadarin ya taso. 'Yan sahun gaba ba laifi. 'Yan sahun baya kuwa, inda aka ce ƙafa sun rubuta kafa, inda aka ce ɓata sun rubuta bata. Malamin ya san aikinsa, yaran kuma ba kurame ba ne. Laifin na ɗakin ne: sama kwano tsirara ba silin, ƙasa siminti, bango sumul, kowane benci aka ja sai ƙararsa ta cika ajin.

Da la'asar muka tafi gai da mai gari, aka shigar da mu zaurensa, tsohon gini mai rufin ƙasa bisa azara, da daɓe, da tabarmi a shimfiɗe. Ruwa ya sake tsugewa. Wani dattijo yana ba mu labari, murya ƙasa-ƙasa irin ta tsofaffi, amma har yaron da ke bakin ƙofa yana jinsa sarai. Wannan ne ya tuna mana da mutumin da ya kai irin wannan gini matuƙarsa a ƙasar Hausa, muka ga ya kamata malamai da ma'aikata su san labarinsa.

ASALIN SUNAN

Sunansa Muhammadu Durugu, ana kuma kiransa Malam Mika'ilu, amma sunan da ya bi shi har yau shi ne Babban Gwani. Ya yi zamani a ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wanda aka fara cikin 1804. Labarinsa a bakin magina ya zauna, ɗa ya karɓa daga uba, musamman zuriyarsa da ke cikin birnin Zariya, a unguwar da a ke kira da sunansa, Unguwar Babban Gwani. Su ne ke cewa daga Sakkwato ya sami wannan laƙabi, wurin shugabannin jihadi, saboda aikin da suka gani na hannunsa. Kalmar gwani kuwa ba a wasa da ita. Ita a ke ba wanda ya kai ƙarshen haddar Alƙur'ani, ita kuma magina ke ba wanda ya ƙware har ba mai gyara masa. In aka ƙara da babba, to an ce ba na biyunsa ke nan.

Zamanin ma ya yi masa daidai. Malam Musa ya ci Zariya cikin 1808, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa. Malam Musa ya yi sarauta har 1821, Yamusa ya gaje shi har 1834, sa'an nan sarauta ta faɗa hannun Abdulkarimu, wanda daga gare shi ne gidan Katsinawa na Zazzau ya tashi. Mutanen Katsina sai su lura da wannan. Sababbin sarakunan nan malamai ne, abin da suka yi yaƙi dominsa shi ne tsai da addini, saboda haka masallacin Jumma'a ya zama babban al'amari a gare su. A zamanin Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, aka ba Babban Gwani aikin gina masallacin Jumma'a na Zariya, daura da gidan Sarki.

WUYAR AIKIN

Don a gane girman abin da ya yi, sai a fara sanin iyakar kayan aikin da ke hannunsa. Ba ƙarfe, ba siminti, ba katakon Turai. Akwai ƙasa, wadda a ke kwaɓawa da ciyawa a mulmula tubali a shanya a rana. Akwai azara, watau gangar giginya da aka tsaga, wadda gara ba ta cika damunta ba, ta kan daɗe ƙwarai ba ta ruɓe ba. Amma azara tana da iyaka. In aka gitta ta tsakanin bango da bango, aka ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kamar ƙafa 6 sai ta lanƙwashe. In magini ya yi tauyi, watau ya fito da guntayen azara daga kan bango su tallafe ta, ya kan kai ƙafa 8 ko 9. Wanda ya so ɗaki mai faɗi da wannan hanya, tilas ya cika shi da ginshiƙai kamar kurmi.

To, ga buƙatar masallacin Jumma'a: sahu ya miƙe, jama'a su yi yawa, kowa kuma ya ji huɗuba da karatun liman. Lasifika ba ta zo ba tukuna. Abin da a ke da shi sai muryar liman, da ladan mai maimaita kabbara domin na nesa. A fili, in mutum ya ninka nisansa daga mai magana, ƙarfin sautin da ke isa gare shi ya kan ragu ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ɗaki ya kan taimaki murya, gama bango da rufi suna maido da ita ga mai sauraro. Amma ɗakin nan kuma shi ke iya kashe ta, in ya yi ta maido da ita har kalma ta hau kan kalma.

Dabarar da Babban Gwani ya yi aiki da ita ita ce bakan gizo. Ba shi ya ƙago ta ba, magina sun san ta kafinsa, amma a hannunsa ta girma. Ga yadda a ke yi. Magini ya kan kafa azara cikin bango ko ginshiƙi, ta ɗan karkata zuwa cikin ɗaki, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Sa'an nan ya ɗora wata bisa wannan, ta fi ta karkata, ya ɗaure, ya lulluɓe, ya jira. Haka daga wancan gefe. Gaba-gaba, ƙafafun nan biyu suna rusunawa suna neman juna, har su gamu a tsakiya su zama baka guda. Ba a kafa wani abu a ƙasa ya tokare su, kowace gaɓa ita ke riƙe da wadda ke bisanta. Da haka a kan rufe faɗin da ya wuce ƙafa 20 ba ginshiƙi a tsakani. In bakuna suka gitta juna, sai a jera azara a tsakaninsu, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a fitar da tulluwa. Aikin rani ne, kuma aikin haƙuri ne, gama wanda ya yi gaggawar ɗora gaɓa bisa ɗanyar gaɓa, shi da baka za su sauko tare.

A masallacin Zariya bai yi tulluwa guda ƙatuwa ba. Ya raba rufin tulluwa-tulluwa, bakuna suna tashi daga manyan ginshiƙai da bangaye, suna rassa kamar itace, suna gamuwa a sama. Ginshiƙan nan ya yi musu ado mai zurfi, layi-layi da kusurwa-kusurwa, an tono wani wuri, an tayar da wani. A harabar kuma ya gina zauruka na shiga da wuraren alwala, da ɗakin shari'a. Duk wanda ya rubuta labarin ginin nan, kyansa ya ke yabo. Mu kuwa, da ya ke aikinmu na aji ne, kunne muka kai masa.

ABIN DA BATUREN AMURKA YA AUNA

Sai bayan shekara hamsin da wani abu aka sami wanda ya sa wannan al'amari a ma'auni. Cikin 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta buɗe wani sabon ɗakin lacca a gidan kayan tarihi na Fogg, sai aka tarar ba a fahimtar abin da malami ke faɗi a ciki. Aka ɗora wa wani saurayin malamin kimiyya, Wallace Sabine, gyaran abin. Ya riƙa aiki da dare sa'ad da gari ya yi tsit, da bututun busa da agogo. Ya busa, ya tsaya, ya ƙidaya daƙiƙa nawa amon zai yi kafin ya mutu. Ya tarar amo ya kan yi wajen daƙiƙa 5 da rabi yana yawo a ɗakin. Mai magana kuwa ya kan furta gaɓa huɗu ko biyar cikin daƙiƙa guda, ashe kafin gaɓar fari ta mutu an jibga mata ashirin a kai. Sai ya riƙa ɗebo matasan kujeru daga wani ɗakin taro na jami'ar, yana ƙarawa yana aunawa, har ya gane ƙa'idar: gwargwadon girman ɗaki, gwargwadon daɗewar amo, gwargwadon yawan abin da ke shan sauti a ciki, gwargwadon saurin mutuwarsa. Da wannan ƙa'ida aka tsara babban ɗakin kiɗa na Boston, wanda aka buɗe cikin 1900. Sabine ya rasu cikin 1919.

In muka ɗauki ƙa'idar nan muka shiga da ita ginin Babban Gwani, sai mu ga abubuwa sun faɗa wurarensu. Sauti yana tafiyar kamar ƙafa 1,100 cikin daƙiƙa. In bango mai santsi yana nesa da kai ƙafa 55 ko fiye, muryarka ta kan je ta komo a makare har kunne ya ji ta dabam, shi ne amsa-kuwwa, irin wadda yara masu kiwo ke wasa da ita a gindin duwatsun Ruma. Tulluwa guda mai santsi kuma ta kan tattara sauti ta zuba shi wuri ɗaya, kamar yadda kasko ke tara ruwa, wani ya ji da yawa, wani ya rasa. Amma rufin da aka raba da bakuna, da jerin azara a tsakani, da ginshiƙai masu tudu da kwari, ba ya barin sauti ya komo dunƙule. Farfasa shi ya ke yi ya watsa ko'ina. Yaɓen ƙasa bai kai siminti tauri da santsi ba. Tabarmi da buzaye a ƙasa, da jama'a cikin manyan riguna, su ne matasan kujerun Sabine. Kaurin bango da nauyin rufi kuma suna tsare hayaniyar waje, gama ba abin da ke tare ƙara kamar nauyi. Ruwan sama in ya faɗi bisa tudun ƙasa, a nan ƙararsa ta ke mutuwa. In ya faɗi bisa kwano kuwa, ganga ya samu.

Ba mu ce Babban Gwani ya zauna ya yi wannan lissafi ba. Adonsa don ido ya yi shi, bakansa don ɗaukar nauyi. Amma magini da ya shekara arba'in yana shiga ɗakuna yana fita, yana kiran yaransa daga ƙasa suna amsawa daga sama, ya san ɗakin da ke riƙe murya da wanda ke ɓata ta, kamar yadda makaɗi ya san ƙwarya mai kyau tun bai ɗaura mata fata ba.

DAƁE DA BENE

Masu yabon gini su kan ɗaga kai sama, su manta da abin da su ke takawa. A ginin Hausa daɓe rabin aiki ne, kuma bisa al'ada aikin mata ne. A kan baje tsakuwa ko marmara da ƙasa, a yayyafa ruwa, mata su jeru da madaɓai suna bugu suna waƙa, bugun yana bin waƙar, har ƙasa ta haɗe ta yi tauri. Sa'an nan a yayyafa ruwan makuba, wanda a ke samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a sake bugu. Makuba ita ke ƙara masa ƙarfi, ta ba shi launin nan ja mai duhu. Daɓe mai kyau ya kan yi shekaru, in ya fashe kuma a cike gurbin a buge, ba sai an fasa ɗakin duka ba. Ga kunne kuwa, daɓe a kwance ya ke bisa ƙasa, ba rami a ƙarƙashinsa, saboda haka taku ba ya amo a kansa.

A bene abin ya fi wuya, gama daɓen na sama shi ne rufin na ƙasa. A nan ma azara ce, da asabari, da ƙasa mai kauri a bisa, bakan gizo ko ginshiƙi yana ɗauke da su. Nauyin nan da ke wahal da magini shi ne ke hana takun na sama ya dami na ƙasa. Masu gini na zamani sun komo kan wannan ta wata hanya: su kan zuba kankare mai kauri, su shimfiɗa wani abu mai taushi, sa'an nan su ɗora daɓe a bisansa kada ya taɓa bango, don ƙarar taku ta rasa hanyar bi. Ƙasar da magini ke zubawa bisa asabari tana yin ayyukan nan biyu gaba ɗaya, ga nauyi ga laushi.

Rufin waje kuma laso a ke shafa masa, watau katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara. A duba nan a gani: gini guda ya tara mai saran giginya, da marini, da majemi, da matan daɓe. Babban Gwani shugaban wannan runduna ne duka, ba mai ɗora tubali kaɗai ba.

SAURAN AYYUKANSA DA ƘARSHENSA

Sunansa bai tsaya a Zazzau ba. A ƙasar Bauci, a garin Kafin Madaki, akwai soron Madaki wanda a ke danganta masa, an ce wajen 1860 aka gina shi, zamanin Sarkin Bauci Ibrahimu. Har ginin kansa Babban Gwani a ke kiransa. Cikin 1956 Gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta tsare.

Game da mutuwarsa, labarin da ya fi yawo shi ne Sarkin Birnin Gwari ya kira shi ya yi masa gini, da ya gama, Sarki ya ga kyan abin, sai ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Mu dai muna ɗaukar wannan da hankali. Malaman Larabci sun san labarin Sinimmar, wanda ya gina wa Nu'umanu Sarkin Hira gidan Hawarnaƙ, aka jefo shi daga kan ginin saboda wannan dalili, har sakayyarsa ta zama karin magana a wurin Larabawa. Labari ne da ke bin manyan magina ƙasa-ƙasa. Abin da ya nuna a fili shi ne matsayin da mutane suka ba Durugu: sun ga gwaninta tasa ta isa sarakuna su yi kishi a kanta. Sana'ar kuwa ba ta mutu da shi ba, ta zauna a gidansa, zuriyarsa suka riƙa shugabancin maginan Zazzau, suna gyaran masallacin kakansu.

Gyaran nan shi ne raunin ginin ƙasa, kada mu ɓoye. Kowace shekara yana son a duba rufi, a share indararo, a sake yaɓe kafin ruwa ya sauka. In aka yi sakaci damina biyu ko uku, ruwa ya sami hanya ya kai ga azara, to sai labari. Giginya kuma ba ta girma da wuri, an sare da yawa, azara ta yi tsada. Wanda ya zaɓi kwano ba wawa ba ne, gudun wannan wahala ya yi.

Masallacin ya yi fiye da shekara 130 a tsaye yadda ya bar shi. A cikin shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na kankare a wurin, aka rushe sassan waje, aka bar tsakiyar tsohon ginin da ginshiƙansa da bakunansa a cikin sabon. Sa'a guda, kafin haka masana sun riga sun auna shi sun zana. Cikinsu akwai Zbigniew Dmochowski, mutumin Poland, wanda ya fara auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya cikin 1958, da J. C. Moughtin, wanda ya buga littafi kan ginin Hausa cikin 1985. Bisa awon Dmochowski aka gina kwatankwacin masallacin, da girmansa, a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Daga cikinmu kuma Hamman Tukur Sa'ad ya bi magina ya tattara abin da ke bakinsu, ya rubuta cikin 1981.

Malaman ƙasar Katsina ba sai sun je Jos ba kafin su gwada abin da muka faɗi. Tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe cikin 1922 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, da ƙasa da azara aka gina ta, a cikinta kuma Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Yanzu gidan tarihi ce. Wanda ya shiga ya tafa hannu sau ɗaya ya saurara, sa'an nan ya koma ajinsa ya tafa, kunnensa zai gaya masa bambancin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cikin 1999 kada amo ya wuce kashi 6 cikin 10 na daƙiƙa a ɗakin karatu.

Kafin mu bar makarantar nan ta rangadi, mun zauna da babban malami da iyayen yara. Kuɗin sake rufi babu. Abin da aka shirya shi ne a ɗaura asabari a ƙarƙashin kwano ya zama silin, a rataya tabarmi a bangon baya, a ɗaure wa ƙafafun benci guntayen tsohuwar taya, a kuma riƙa juya sahu kowane mako don kada yaro ɗaya ya shekara a baya. Wani tsohon magini da ke cikin iyayen ya ɗauki alkawarin zai duba ɗaurin asabarin da kansa in an yi girbi.